Likitan da Faransa Ta Kora, Ya Ƙare Rayuwarsa Yana Gadin Littattafai a Dublin

A bayan babbar majami'ar Saint Patrick da ke Dublin, babban birnin ƙasar Ayilan, akwai wani tsohon gini na jan bulo wanda mutum zai iya gifta shi bai ko ɗaga kai ba. Laburaren Marsh ke nan. In ka hau matattakala ka shiga, dogayen kantoci na baƙin katako ne za su tare ka hagu da dama, cike da littattafai masu bangon fata, kimanin 25,000, yawancinsu suna nan a gurbin da aka sa su shekaru ɗari uku da suka wuce. A can ƙarshen ɗakin akwai wasu 'yan ƙuryoyi uku masu ƙofar raga kamar keji, inda daga baya aka riƙa kulle mai karatu da littafinsa bayan sata ta addabi wurin. Wasu littattafan har yau suna ɗauke da hujin harsasan da suka faso taga lokacin tawayen da 'yan Ayilan suka yi wa mulkin Birtaniya a 1916.

Mutumin da aka fara damƙa wa makullan wannan gida ba ɗan ƙasar ba ne. Bafaranshe ne ɗan gudun hijira, sunansa Élie Bouhéreau, a bakin mutanensu ana cewa Eli Buwero. An haife shi a 1643, ya rasu a 1719. Bai ci yaƙi ba, bai mulki gari ba, sunansa ma jikokinsa sun sauya shi ya dace da harshen Turawan Ingila, suka koma Borough. Duk da haka na daɗe ina juya labarinsa a raina, domin ban san wani labari da ya fi nasa fayyace abin da aikin mai kula da laburare yake nufi ba.

Sai an san garinsu kafin a san shi. La Rochelle tashar jiragen ruwa ce a gaɓar yammacin Faransa, kuma ita ce cibiyar Furotesta na ƙasar, waɗanda ake kira Huguenot. Faransa ta kwashe kusan shekara arba'in tana yaƙin addini tsakanin Katolika da Furotesta, ciki har da kisan kiyashin 1572 da aka fara a Paris ya bazu zuwa sauran garuruwa. A 1598 Sarki Henri na 4, wanda shi kansa Furotesta ne kafin ya koma Katolika don ya zauna a gadon sarauta, ya kafa dokar Nantes. Dokar ta ba marasa rinjaye damar yin ibadarsu a wuraren da aka ƙayyade, da riƙe muƙamai, da mallakar wasu garuruwa masu ganuwa don kare kansu. Zaman lafiya ne na 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba, amma dai jini ya tsaya.

Bai daɗe ba. A 1627 Kadinal Richelieu, wazirin Sarki Luwi na 13, ya yi wa La Rochelle ƙawanya. Ya sa aka gina katanga a cikin teku aka toshe bakin tashar, don kada jiragen Ingila su kawo abinci. Wata goma sha huɗu ana haka. Garin da ke da mutum kusan 27,000 ya buɗe ƙofofinsa a 1628 da saura kimanin 5,000, yunwa ta cinye sauran. Shekara goma sha biyar bayan wannan aka haifi Eli, a gidan fasto. Ke nan duk dattijon da ya gaisar yana yaro, ko dai ya binne nasa a wannan yunwa ko ya ga an binne na maƙwabci. Yaron da ya tashi a irin wannan gari ba sai an gaya masa cewa alkawarin sarki na iya warwarewa ba.

Ya yi karatu a makarantar Furotesta ta Saumur, a hannun wani gwanin Girkanci da Latin mai suna Tanneguy Le Fèvre. Daga nan ya sami shaidar likita a jami'ar Orange a 1667. Zaɓen Orange ɗin ba banza ba ne. A lokacin 'yar ƙaramar masarauta ce da ke cikin kudancin Faransa amma ba ta ƙarƙashin sarkin Faransa, mallakar gidan Orange na Holan ce, don haka ɗan Furotesta kan sami sauƙi a can. Ya zaga Italiya, ya dawo gida ya yi aure, ya kama aikin likita, ya zama ɗaya daga cikin dattawan coci. Yana musayar wasiƙu da manyan masana, har da Valentin Conrart, magatakardan farko na majalisar masana harshen Faransanci. Kuma yana sayen littattafai ba ji ba gani: na magani, na addini, na tarihi, na tsoffin Girkawa da Rumawa.

Abin da ya faru da mutanensa a zamanin Luwi na 14 ya cancanci a tsaya a kansa, don ba rana ɗaya aka yi shi ba. Da farko ba a soke dokar Nantes ba, gutsurar ta aka riƙa yi kaɗan-kaɗan kamar yadda ɓera ke yi wa buhu. Yau a ce wannan coci an gina ta ba bisa ƙa'ida ba, a rushe. Gobe a ce ɗan Furotesta ba zai yi aikin alƙali ko lauya ba, jibi a ce matansu ba za su yi unguwarzoma ba. A 1681 aka ce yaro ɗan shekara bakwai yana da ikon sauya addini ko iyayensa ba su yarda ba, wanda ya buɗe ƙofar raba 'ya'ya da iyaye. A shekarar ce kuma aka fara sauke sojojin doki a gidajen Furotesta a yankin Poitou, maƙwabcin La Rochelle. Soja goma ko fiye su sauka a gidanka, su cinye abin da ke rumbu, su fasa kayan ɗaki, su ƙona ƙyaure su ji ɗumi, su hana ka barci da kiɗan ganga dare da rana, har sai ka sa hannu a takarda cewa ka bar addininka. Ka sa hannu yau, gobe su koma gidan maƙwabcinka. Da wannan dabara aka riƙa kai wa sarki rahoton cewa garuruwa sukutum sun tuba.

Shi Buwero a 1683 aka hana shi aikin likita saboda addininsa. Mutum mai shekara arba'in, da iyali, aka ce ilmin da ya kwashe ƙuruciyarsa yana nema ya zama haram a gare shi. A farkon 1685 aka rufe makarantarsu ta Saumur. A shekarar aka kore shi daga garinsu aka ce ya koma Poitiers da zama. A watan Oktoba sarki ya sa hannu a dokar Fontainebleau wadda ta soke ta Nantes gaba ɗaya, bisa hujjar cewa ai babu sauran Furotesta da za a kare. Aka ba fastoci kwana goma sha biyar su bar ƙasar ko su sauya addini. Sauran jama'a kuwa aka hana su fita: namijin da aka kama yana gudu sai tuƙin jiragen yaƙi na sarki cikin mari, mace kuma kurkuku. Gaba kura, baya sayaki. Amma kusan mutum 200,000 suka sulale, wasu ta duwatsun Suwizalan, wasu a ɓoye cikin gangunan kaya a jiragen ruwa, suka watsu Holan, Ingila, Jamus, Amurka, har Afirka ta Kudu. Kalmar da Turancin Ingilishi ke amfani da ita yau ga ɗan gudun hijira daga bakin waɗannan mutane ta shigo.

A farkon 1686 Buwero ya isa Ingila. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kayan da ya yi ƙoƙarin tsirarwa. Gida ya tafi, gonaki sun tafi, sana'a ta tafi. Amma littattafansa sun fito, wasiƙunsa sun fito, kuma tare da su akwai wata ajiya da ba tasa ba: takardun majalisar dattawan cocin La Rochelle, tarihin al'ummar da hukuma ta ce babu ita. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake gudu ya san nauyi shi ne abokin gaba. Mace kan ɗauki goyo da tukunya ɗaya, namiji ya ɗauki abin da zai sayar a hanya. Takarda ba a ci, ba a sayarwa da daraja, kuma in an kama ka da irin wannan, ita ce shaidar da za a hukunta ka da ita. A fahimtata, mutumin ya gane abin da masu mulki su ma suka gane. Rushe ginin coci abu ne mai sauƙi, an rushe ɗaruruwa. Amma muddin rajistar da ke cewa wane ya auri wance, an raɗa wa wane suna ran kaza, dattawa sun zauna sun yanke kaza, tana nan a wani wuri, to ƙaryar cewa ba a taɓa yin waɗannan mutane ba ba za ta zauna ba.

Shekaru goma sha biyar da suka biyo baya na yawo ne da neman abin kai wa baka. Ya koyar da 'ya'yan wani gidan sarauta a Ingila. Daga 1689 ya zama magatakardan jakadan Ingila a Suwizalan. Sannan ya koma hannun Henri de Ruvigny, wani babban Bafaranshe ɗan gudun hijira da ya zama janar a rundunar Sarki William na 3 na Ingila, aka naɗa shi sarautar Galway. Ya bi shi yaƙi arewacin Italiya, ya biyo shi Ayilan a 1697 da aka sa shi cikin masu riƙon mulkin ƙasar. A tsakankanin wannan ɗawainiya ya kammala fassara wani babban aiki daga Girkanci zuwa Faransanci, martanin da Origen, malamin Kirista na Iskandariya a ƙarni na 3, ya mayar wa wani masanin falsafa mai suna Celsus. An buga shi a Amsterdam a 1700. Mutumin da aka tsananta wa saboda aƙida ya zaɓi ya fassara littafin da ke kare aƙida da hujja maimakon takobi.

A Dublin ya haɗu da Narcissus Marsh. Shi wannan Bature ne ɗan Ingila, masanin harsunan gabas, mai tara littattafan Larabci da Ibrananci, wanda ya shugabanci Kwalejin Trinity, wato jami'ar Dublin, daga 1679 zuwa 1683 kafin ya zama bishof. Zamansa a jami'ar ya bar masa wani takaici. Laburaren jami'a yana nan, amma ɗalibi ba ya shiga sai da rakiyar malami, kuma malamin ya zauna da shi har ya gama. Sakamakon haka samari suka bar karatu suka koma zaman gidajen shaye-shaye. Da ya zama Babban Bishof na Dublin sai ya yi niyyar gina laburaren da mai neman ilmi zai shiga ba tare da roƙo ba, kuma ya gina shi da kuɗin aljihunsa. A 1705 ya sayi littattafan marigayi Bishof Stillingfleet, kusan 10,000, a kan fam 2,500. A 1707 majalisar dokokin Ayilan ta tabbatar da gidan a matsayin wakafi na har abada, shugaban jami'ar Trinity na cikin masu kula da shi. Shi ne laburaren jama'a na farko a ƙasar.

Tun 1701 aka naɗa Buwero mai kula da shi, da albashin fam 200 a shekara, ginin ma bai kammala ba. Sarkin da ya amince da naɗin shi ne William ɗan gidan Orange, gidan da jami'arsu ta ba shi shaidar likita shekara talatin da huɗu kafin nan. Yarjejeniyar ta haɗa da cewa littattafansa, kimanin 2,000, za su shiga cikin laburaren. Wani zai ce ciniki ne, ya ba da littattafai an ba shi aiki, kuma akwai gaskiya a ciki, tsoho mai shekara hamsin da takwas da iyali a ƙasar da ba tasa ba yana buƙatar inuwa. Amma ni ina ganin wani abu daban. Wanda ya taɓa ganin yadda ake watsa dukiyar gida cikin dare ɗaya ya san cewa littafi a hannun mutum ɗaya ransa bai fi ran mutumin tsawo ba. Ya nema wa littattafansa mafakar da ta fi tasa ƙarfi, mai doka a bayanta.

Aikin da ya yi a shekarunsa na ƙarshe irin wanda ba a yi wa kirari ne. Ya zauna da dubban littattafai cikin harsuna iri-iri, ya ɗauki kowanne, ya duba marubuci da fanni da girma, ya yanka masa gurbi a kanta, ya rubuta shi a kundi da hannunsa. Wanda bai taɓa neman littafi a ɗakin da ba a tsara ba ba zai san darajar wannan ba. Littattafai dubu goma da ba su da kundi tarin takarda ne kawai, akwai su amma kamar babu. Kundin shi ke mayar da tari ya zama laburare. Dokar gidan kuma ta tanadi cewa duk shekara masu kula za su zo a ƙirga littattafan, abin da ya ɓata a tambayi mai makulli. Tsarin da aka shimfiɗa a zamaninsa shi ne har yau ake bi a sami littafi a can.

Nan nake tuna wani abu na gidanmu. Kakanmu ya bar akwatin ƙarfe cike da littattafai na rubutun hannu, wasu cikin gafaka, wasu an ɗaure su da tsirkiyar fata. Kowa na girmama akwatin, ba mai taɓa shi, an ɗora shi a kan duwatsu a ƙuryar ɗaki an rufa masa tabarma. Ranar da muka buɗe bayan shekaru, gara ta shiga ta wata 'yar huda a gindi. Na sa hannu na ɗago wani kundi, bangon ya taso lafiya lau, cikin kuwa ya zube ƙasa kamar garin tuwo. Ba wanda ya ƙi littattafan nan, so ne ma ya sa aka kulle su. Abin da suka rasa shi ne mutum ɗaya wanda aikinsa ke nan, ya buɗe, ya kaɗe, ya shanya, ya rubuta sunan abin da ke ciki. Ko sunayensu ba mu da shi yau. Tun daga ranar na daina yi wa masu aikin laburare kallon masu zaman jiran lokacin tashi.

Akwai ɓangaren labarin da ba shi da daɗi, kuma rage shi zai zama rashin adalci. Ayilan ɗin da ta ba Buwero mafaka ƙasa ce da mafi yawan mutanenta Katolika ne, kuma an murƙushe su a yaƙin da ya ƙare a 1691, yaƙin da ubangidansa Ruvigny da dakarun Faransawa 'yan hijira suka yi a ɓangaren William. Dokokin da aka kafa musu bayan nan sun yi kama da waɗanda suka koro shi daga gida kamar an tsaga kara. A 1695 aka hana Katolika buɗe makaranta ko tura ɗa karatu waje, aka hana shi mallakar dokin da ya wuce fam biyar. A 1697, shekarar da Buwero ya sauka Dublin a matsayin magatakardan mai riƙon mulki, aka kafa dokar korar bishof-bishof na Katolika daga ƙasar. Garin Portarlington, inda aka tsugunar da tsoffin sojojin Faransawa, an kafa su ne a ƙasar da aka ƙwace daga wani wanda ya goyi bayan ɓangaren da aka kayar a yaƙin. Yayin da Furotesta ke gudowa daga Faransa zuwa Ayilan, dubban sojojin Ayilan 'yan Katolika na tafiya Faransa gudun hijira, a teku ɗaya. Shi kansa laburaren da ake kira na jama'a, ƙa'idarsa ta ce na masu digiri ne da masu mutunci, a zamanin da digirin jami'ar Dublin ya haramta ga Katolika, haramcin da bai kau ba sai 1793.

Ban ga dalilin wanke shi daga wannan ba, ban kuma ga dalilin ɗora masa laifin da ya fi ƙarfinsa ba. Magatakarda ne, ba shi ya kafa dokokin ba, amma ya ci abinci a inuwarsu. Abin da labarin ke nunawa shi ne shan zalunci ba ya sa mutum ya gane zalunci kai tsaye in ya faɗa kan wani, musamman in wanin nan yana da addini ɗaya da wanda ya zalunce shi. A idon ɗan hijira daga La Rochelle, Katolikan Ayilan abokan Luwi na 14 ne, in suka yi nasara babu sauran wurin gudu. Tsoro ne na gaske, kuma da irin wannan tsoro ake halatta yawancin danniya. Akwai ma wani sassauci da ya yi wanda wasu 'yan'uwansa suka ƙi yi. Ya karɓi naɗin limanci a cocin hukuma mai tsarin Ingila, mai bishof-bishof, har ya sami muƙami a majami'ar Saint Patrick, inda tun 1666 aka ware wa Faransawa wani sashe suna ibada da harshensu. Wasu 'yan hijirar suka ce ba su bar gida don su sake rusuna wa wani tsari ba, suka kafa nasu majami'u daban. Al'ummar da wahala ta haɗa, zaman lafiya ya raba ta gida biyu.

Mun san yanayin rayuwarsa ne saboda ya bar kundin abubuwan yau da kullum da ya riƙa rubutawa da Faransanci daga 1689 har shekarar rasuwarsa, wanda aka buga a 2019, shekara ɗari uku cif bayan mutuwarsa. A ciki akwai tafiye-tafiye da labarin yaƙi da haihuwa da mutuwa a gidansa, akwai kuma lissafin kuɗin da ya riƙa rabawa a madadin ubangidansa ga 'yan hijira marasa galihu. Hannun da ya jera littattafai shi ya jera sunayen waɗannan mutane, kowa da abin da aka ba shi. Ɗansa John ya taya shi aiki a laburaren a matsayin mataimaki.

Saura ajiyar nan da ba tasa ba. Littattafansa ya ba da su kyauta har abada, amma takardun cocin La Rochelle bai haɗa su a kyautar ba, don ba shi da ikon kyautar da abin wani. Ya ajiye su a laburaren a matsayin amana, da nufin a mayar wa masu su ranar da cocinsu ta sake tsayawa a garinsu. A lokacin da ya yi wannan, babu wata alama a sararin sama da ke nuna ranar za ta zo. Luwi na 14 ya mutu a 1715 dokarsa na nan daram, waɗanda suka rage a Faransa suna taruwa a daji da kogunan duwatsu cikin dare, faston da aka kama a rataye shi. Buwero ya rasu a 1719 aka ci gaba da haka. Sai a 1787 Sarki Luwi na 16 ya amince a riƙa yi wa Furotesta rajistar aure da haihuwa, bayan shekara biyu juyin juya hali ya zo da 'yancin addini.

Duk tsawon wannan lokaci takardun na Dublin. Masu kula da laburaren suka yi ta shuɗewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san Buwero ido da ido, ba wanda ya taɓa zama a La Rochelle, kowa ya karɓi makulli ya tarar da ajiyar ya bar ta inda take. A 1862, shekara 143 bayan rasuwarsa, shekara 176 bayan fitarsu daga Faransa, aka ɗauko takardun aka mayar wa majalisar dattawan cocin Furotesta ta La Rochelle.